Yadda Ake Gano Ciwon Tsohon Injin Kwalekwale Mai Mutuwa Idan an Murɗa Totur

A bakin gaɓa injin lafiya lau yake. Ja ɗaya ya tashi, yana silo kamar jiya aka ciro shi daga kwali. Amma da ka saka giya ka murɗa totur sai ya yi "buuu", ya shaƙe, ya mutu. Wannan ciwo ya fi kowane cinye kuɗin masu kwalekwale a nan Legas, ba don yana da wuyar gyara ba, sai don mutane suna farawa ta wutsiya. Wani bawan Allah da ke jigilar kaya ta wajen Apapa ya taɓa kawo mini injinsa bayan ya sayi sabuwar kafireta, wato mai haɗa fetur da iska, da sabon akwatin wuta, wato mai sarrafa wutar fulogi. Da na duba, ɗan sukurun iska na murfin tanki ne gishiri ya toshe. Aikin minti biyu.

Na fara koyon wannan sana'a a Yauri, a ruwan daɗi, kafin neman abinci ya kawo ni Ikko, wato Legas. Bayanin nan ya shafi tsofaffin injuna masu shan fetur gauraye da mai, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 da 'yan uwansu. Ƙa'idata ɗaya ce: ka bi hanyar da fetur ke bi, daga tanki zuwa cikin inji, daga abu mai araha zuwa mai tsada, kuma kada ka tsallake mataki don kana ganin ka riga ka san matsalar.

Kayan da za ka tanada

Sifanar fulogi, sifana mai lamba 8, 10 da 12, sukudireba mai baki ɗaya babba da ƙarama, da mai baki huɗu, da filaya. Sabbin fulogi masu lamba daidai da ta injinka. Kwalba fara mai tsabta wadda ake ganin cikinta. Guntun tiyo fari kamar kamu ɗaya. Idan ba ka samu ba, irin wanda magina ke auna lebur da shi zai yi, amma na gwaji kawai, don fetur na busar da shi. Gwangwanin feshin wanke kafireta, tsumma, da faranti ko tire na zuba ƙananan sukurori. Idan da hali, ka aro tanki da tiyon wani da ka san injinsa lafiya yake, da ma'aunin matsin silinda. Yawancin waɗannan ana samunsu a kasuwar Ladipo ko wajen masu sayar da kayan jirgi a bakin ruwa.

Tiren nan kada ka raina shi. Jet ɗin kafireta, wato ɗan sukuru mai rami da fetur ke bi ta ciki, bai fi ƙwayar wake ba, in ya faɗa ruwan lagun ya tafi ke nan.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

A silo inji ɗan fetur kaɗan yake sha, wuta mai rauni ma ta ishe shi. Da ka buɗe totur sai iska ta kwararo da yawa, ya bukaci fetur mai yawa nan take da wuta mai ƙarfi. Duk wani rauni da ke ɓoye a lokacin ne yake bayyana. Shi ya sa gwaji a kan tudu ko ba a cikin giya ba yaudara ce: babu nauyi a kan farfela, mara lafiya ma zai yi ta kuka kamar zaki. Gwajin gaskiya a cikin ruwa ake yinsa, cikin giya. Ka ɗaure kwalekwalen da igiya mai ƙarfi a jikin turke, ko ku fita ku biyu kusa da gaɓa, ɗaya na tuƙi ɗaya na lura, kowa da rigar kariyarsa da filafili a gefe. Kada ka taɓa tayar da inji ba ruwa, ko na daƙiƙu kaɗan ne, robar fanfon ruwa za ta ƙone. Sigari kuma a bar shi a aljihu.

Na biyu: a irin wannan inji man da ke shafe fistin da boris a cikin fetur yake tafiya. Injin da fetur ke yi wa ƙaranci, mai ma yana yi masa ƙaranci. Wanda ya ci gaba da matsa masa a haka, daga gyaran 'yan kuɗi kaɗan zai koma sayen fistin.

1. Saurari yadda yake mutuwa

Mutuwar iri-iri ce, kowace da inda take nunawa. Idan nan take yake shaƙewa da ka murɗa, zargi ya fi karkata ga kafireta. Idan yana ɗauka da gudu sosai na rabin minti ko minti ɗaya sannan ya fara ja baya, fetur ne ba ya isowa da yawan da ake sha, wato tanki, tiyo ko fanfon fetur. Idan yana fizga yana tari da hayaƙi mai yawa amma bai cika mutuwa ba, fulogi ne ko fetur ya yi yawa. Idan kuwa ɗif yake ɗaukewa kamar an zare makulli, ko sai ya yi zafi yake yi, in ya huce ya tashi, ka nufi ɓangaren wuta. Kafin komai ma ka duba ɗan maƙalin igiyar kashe inji. Idan ya saki, girgiza kaɗai na iya kashe maka inji.

2. Tanki da abin da ke cikinsa

Sassauta murfin tankin gaba ɗaya ka sake gwadawa. Idan ka ji "fuss" na shigar iska lokacin buɗewa, ko ka ga tankin roba ya lotsa ciki, ko injin ya warke da murfi a buɗe, to hanyar iska ce ta toshe. Ka wanke sukurun, an gama.

Sannan ka karkata tankin ka zuƙo fetur daga can ƙasa ka zuba a farar kwalba, ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsu. A Legas wannan ba baƙon abu ba ne: ga damina mai tsawo, ga feshin igiyar ruwa, ga fetur ɗin jarka da ba ka san inda ya kwana ba. Waɗanda suke kan ruwa a watan Fabrairun 2022 ba su manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan mai sinadarin metanol fiye da ƙima ba. Fetur da ya daɗe kuma warinsa na canzawa ya koma kamar na fenti, launinsa ya yi duhu. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka juye shi duka a jarka, kada ka zubar a ruwa, ka ɗauraye tankin da sabon fetur.

Maganar gauraya. Yawancin injunan nan kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato lita 25 ta fetur rabin lita na mai. Wasu tsofaffi sosai, ko wanda aka sa wa sabon fistin, suna bukatar ninkin wannan mai, ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Ka nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ga mutane da yawa sun koma zuba baƙin man mota don rage kashe kuɗi. Ba ya ƙonewa da kyau, yana toshe fulogi da hanyar hayaƙi. Wasu kuma da ido suke aunawa, "a ɗan ƙara don ya ji daɗi". Ba ya jin daɗi, shaƙewa yake.

3. Tiyo da ƙwallon matsawa

Ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo shi ne ɗan leƙen asirinka. Akwai kibiya a jikinsa, dole ta kalli inji. Matsa shi har ya yi tauri. Idan ya ƙi tauri ko ka matsa sau ashirin, iska na shiga wani wuri, ko bawul ɗin cikinsa ya mutu, ko kafireta na zubar da fetur. Idan kuma inji na gudu ka ga ƙwallon ya shanye ya manne kamar an taka shi, toshewar tana bayansa, wajen tanki: ko hanyar iskar murfi, ko ragar da ke bakin bututun cikin tanki.

Ka lanƙwasa tiyon a hannu ka duba tsagewa, musamman kusa da mahaɗa. Ranar Legas da gishiri suna cin roba. Mahaɗin da ke shiga jikin inji yana da ɗan zoben roba a ciki, in ya tsufa iska yake sha ba tare da ya ɗiga fetur ba, shi ya sa ido ba ya kama shi. Nan farin tiyo zai yi amfani: ka haɗa shi kafin fanfon fetur, ka tayar, ka sa ido. Kumfa ɗaya biyu da farko ba komai. Kumfa mai jerin gwano ba yankewa, iska ce ke shiga.

Hanya mafi sauri ita ce aron tanki da tiyon maƙwabci. Idan injin ya warke da nasa, mataki na 2 da na 3 ne matsalarka, ba sai ka kwance komai ba.

4. Matata da fanfon fetur

Cire murfin inji. Za ka ga ɗan kofi da raga a ciki, ka kwance shi a kan tsumma, ka zubar da ruwa da yashi, ka wanke, ka tabbata zoben robarsa ya zauna daidai kafin ka ɗaure.

Yanzu gwajin da na fi so. Ku fita, mai tuƙi ya murɗa totur, da inji ya fara ja baya kai kuma ka yi ta matsa ƙwallon roba. Idan ya farfaɗo ya ci gaba da gudu muddin kana matsawa, hannunka ne ke yin aikin fanfo, wato fanfon ya gaji. Fanfon nan ba shi da wani injin kansa, numfashin cikin inji ne ke kaɗa wata 'yar fatar roba. Don ka tabbatar, kwance shi daga jikin inji ka bar tiyoyinsa a haɗe, ka matsa ƙwallo. Idan fetur ya fito ta ramin bayansa, fatar ta yage, kuma ta nan fetur ke malala cikin silinda ɗaya ya jiƙa fulogi. Fatar kaɗai ake canzawa. Ka lura da yadda aka jera faifan ciki kafin ka raba su. Ɗauki hoto da waya. In kana tsakiyar ruwa ne, matsa ƙwallon a hankali zai kai ka gaɓa.

5. Gwajin cok, sannan kafireta

Idan matsa ƙwallo bai canza komai ba, ka gwada cok, wato abin da ake ja don rage iskar da ke shiga kafireta. Lokacin da yake shaƙewa ka ja cok kaɗan. Ya ɗauka? To fetur ne ba ya wucewa ta cikin kafireta, jet ya toshe. Ya ƙara muni nan take? Ba ƙarancin fetur ba ne, wataƙila yawa ne ko wuta. Na san direbobi da ke yini suna aiki da cok a rabi, suna cewa "haka yake so". Ba haka yake so ba, kuka yake yi.

Kafin ka cire kafireta, kwance sukurun da ke ƙasan kofinta ka tari abin da zai fito a murfin kwalba. Wani lokaci ɗigon ruwa ne kawai ya kwanta a bakin babban jet, da ka zubar shi ke nan.

Idan bai yi ba, cire ta ka kai kan tire, a inuwa, inda ba iska. Ga yadda nake yi. Da farko sukurun daidaita silo na gefe: ka ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙarshe kana ƙirga zagaye, ka rubuta adadin, sannan ka fitar da shi. Yawanci tsakanin zagaye ɗaya da biyu ne. Kada ka matse shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne kamar allura. Sannan ka buɗe kofin ƙasa. Abin da za ka gani zai ba ka labari: danƙo ja-ja na tsohon fetur, ko farin gari da kore-kore na ruwan gishiri. Zare ƙusar da ke riƙe da fulot, wato abin da ke yawo a saman fetur cikin kofin yana tsayar da shigarsa in ya cika, ka girgiza fulot ɗin kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ya huje. Duba bakin allurarsa, in ya yi zobe na cinyewa a canza.

Jet biyu ne a yawancinsu. Babban yana tsakiya, shi ke ciyar da inji a gudu. Ƙaramin na silo yana cikin wani rami a gefe, kuma shi ne ke riƙe inji a daidai lokacin da ka fara buɗe totur kafin babban ya karɓa. Shi ake mantawa, shi ne kuma ya fi toshewa, don raminsa ɗan siriri ne ƙwarai. Dukansu na tagulla ne, masu laushi, sai da sukudireba da ta cika bakinsu daidai. Ka fesa, ka ɗaga wa rana, sai ka ga haske zagayayye. Ka fesa kuma cikin kowane rami na jikin kafiretar ka ga ya ɓullo ta wani gefen, har da 'yan ƙananan ramukan da ke kusa da faifan totur. Ka kare idonka, feshin na dawowa.

Kada ka soka allura ko wayar ƙarfe. Ina yaro a Yauri na yi wa wani jet haka da allurar ɗinki, ina murna na buɗe shi. Injin ya tashi, amma ya koma shan fetur kamar raƙumi, hayaƙi ya rufe bakin kogi, maigidana kuma ya cire kuɗin sabon jet daga kuɗin abincina na mako. Idan dauɗa ta ƙi fita, silin tagulla ɗaya daga cikin wayar lantarki ko zaren kamun kifi ya isa. In babu gwangwanin feshi, ka jiƙa a sabon fetur ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka kai wa mai faci ya hura maka iska, amma sai ka cire fulot da allura tukuna.

Wajen mayarwa, ka kifa kafiretar ka duba fulot. A yawancinsu yana kwanciya daidai da bakin kofi, bai ɗaga ba bai nutse ba. Gaskit ɗin da ke tsakanin kafireta da inji in ya yage a sa sabo, don iskar da ke shiga ta nan ma tana kawo irin wannan ciwo. Injin mai kafireta biyu ko uku, duka ake wankewa rana ɗaya, amma ɗaya bayan ɗaya, kada kayansu su cakuɗe.

6. Fulogi da wuta

Ka gudu da injin iya yadda zai iya, ka kashe, ka cire fulogi ka jera su yadda suke. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa ko ba ya samun wuta. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a baki, ruwa na shiga silindar, ka wuce mataki na 8. Sa sabbin fulogi ko da tsofaffin sun yi maka kyau a ido. A fulogin NGK, in ka ga 10 a ƙarshen lamba, tazarar bakinsa milimita 1 ce. Ka yi hattara da jabu, sun cika kasuwa, araha kuma ba ta ado.

Ganin tartsatsi a bakin fulogi da aka jingina da jikin inji bai isa shaida ba, don a cikin silinda akwai matsi, wuta mai rauni ba ta iya tsallakawa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana ƙara "tas", tana iya tsallake tazarar kusan milimita 7 a fili. Ka yi gwajin nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba, kuma kada ka ja inji wayar fulogi na reto ba ta kusa da ƙarfe, hakan na kashe akwatin wuta.

Sai ka bi wayoyi. Gishiri yana shiga ƙarƙashin baƙaƙen wayoyin da aka ɗaure a jikin inji ya yi kore. Kwance, kankare, mayar, shafa ɗan giris. Da duhu ka tayar ba murfi ka duba ko wuta na tsalle daga jikin waya. Idan silinda ɗaya ce ba ta aiki kuma kowace da kwayil ɗinta, wato abin da ke ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ka musanya su ka ga ko ciwon zai bi kwayil. Akwatin wuta da kwayil ɗin ƙarƙashin fulawil, wato babban faifan ƙarfe da ke juyawa a saman inji, su ne na ƙarshe da za ka zarga, kuma ka aro ka gwada kafin ka saya, don mai shago ba ya karɓar kayan wuta in sun fita.

7. Sandunan totur, ruwan sanyaya da farfela

Inji a kashe, saka giyar gaba, murɗa totur har ƙarshe kana kallo. Faifan cikin kafireta ya kwanta sosai, farantin da ke ƙarƙashin fulawil kuma ya juya ba tare da sarƙewa ba, don shi ke sa wuta ta riga zuwa idan gudu ya ƙaru. Busasshen giris da gishiri na riƙe shi, kafireta ta buɗe wuta ba ta biyo ba, inji ya shaƙe. Wanke ka sa sabon giris. Sukurorin da aka ɗiga wa fenti kada ka taɓa su.

Duba fitsarin inji, wato ruwan da yake tsartowa ta baya. In ya yi rauni ko ya yi zafin da ba ka iya tara hannu, ɗaga ƙafar injin. Tsakanin Ebute Ero da Makoko leda ta fi kifi yawa, kuma in lokacin kainuwa ya zo hanyar Ikorodu sai addu'a. Leda ɗaya a bakin ragar shan ruwa ta isa ta sa inji ya yi zafi ya ɗaure. In hakan ya faru kada ka sake ja sai ya huce. Cire farfela ka duba bayanta, igiya da zaren koma suna naɗewa a wurin. Farfelar da ta fi ƙarfin inji, ko lodi fiye da ƙima, ko ƙasan jirgi da ƙwanso ya kama, duk suna hana shi ɗagawa.

8. Matsin silinda

Cire fulogi duka, zare igiyar kashe inji, buɗe totur, ɗaura ma'auni, ja sau biyar da ƙarfi. Tsohon inji mai lafiya yakan ba da sama da 100 a ma'aunin PSI, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka ga 115 da 110, alhamdulillahi. Ka ga 120 da 80, gaskit ɗin kai ya ƙone ko ringi ya kama, wankin kafireta ba zai yi maganinsa ba. Toshe ramin da babban yatsa ba ya ba da lamba, amma in silinda ɗaya ta mutu murus za ka ji bambanci. Idan injin na hannu ne da ka sayo ba ka san tarihinsa ba, wannan mataki shi za ka fara yi kafin na 1.

In matsi ya yi kyau, fetur na zuwa, wuta na nan, amma ciwon bai tafi ba, saura robobin da ke rufe bakin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juya ta, da 'yan faifan bawul na bayan kafireta. Alamar na biyun ita ce fetur na feshowa baya ta bakin kafireta. Wannan aikin buɗe inji ne, ka kai wa wanda ya saba.

9. Gwajin ƙarshe

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana gwadawa, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba. Da ya warke, bar shi ya ɗumama minti biyar, ka daidaita silo a cikin giya yadda ba zai mutu ba in ka sauke totur. Ka murɗa a hankali, ka murɗa da sauri, ka riƙe shi a cikakken gudu minti uku zuwa biyar, sannan ka sake yi da lodi irin wanda ka saba ɗauka, buhuna ko jarkokin ruwa, ba fasinja ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da kun dawo ka sake cire fulogi ka ga launinsu, ka tsoma ƙafar injin a duro na ruwan daɗi ya yi silo minti biyar don gishiri ya fita. In zai kwana biyu ba aiki, ka kwance sukurun ƙasan kafireta ka tsiyaye fetur ɗin da ke ciki, ka rufe sukurun iskan tanki saboda ruwan sama, ka ɗaura ɗan tsumma a hannun totur don ka tuna buɗe shi ranar fita.